Ɗan Fari a Bakin Ramin Zinare

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Uba ba ya kira, uwa ba ta kira, ba a zama da shi a yi hira, ba a kuma nuna an damu da shi a gaban mutane. Haka na taras, haka mahaifina ya yi da ni, ban kuma taɓa jin an zalunce ni ba. Mu Fulanin da muka baro ruga muka shigo Kazaure mun zubar da abubuwa da yawa a hanya, Fulatancin ma sai a gaisuwa, amma alkunya ta biyo mu har cikin gidan siminti.

Da aka yaye ɗana na fari, sai aka kai shi ɗakin mahaifiyata, kamar yadda ake yi. Ƙanena a lokacin saurayi ne, ba aiki ba mata, sai yawo da dariya, don haka shi ya zama dokin yaron. A wuyansa ya fara zuwa kallon dam, a hannunsa ya koyi keke, shi ya riƙe shi ranar kaciya. Yaron ya tashi yana jin kowa a ɗakin yana ce min Yaya, shi ma ya ɗauka, ba wanda ya gyara masa. Yau ga shi da gemunsa, yana aiki a wani kamfanin waya a Kano, amma har gobe Yaya yake ce min. Ƙanena kuwa Baffa ne, kuma in ka ji yadda yake jan kalmar a bakinsa sai ka rantse alewa yake tsotsa.

Ba zan ɓoye ba, ina kishin ƙanena. Na daɗe ina yi. Ni na sayar da bijimi aka kai yaron jami'a, ƙanena ya raka shi tasha. Ni na yi ta juyi a shimfiɗa shekarar da ya yi zazzaɓi mai zafi, ina tambayar bango ko jikin da sauƙi, ƙanena ne ya zauna a gefen gadon yana ba shi kunu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma abin haushin, ba ka da laifin da za ka kama mutumin da shi. Ƙato ne mai tumbi, yana sayar da maganin dabbobi kasuwa-kasuwa, kowa nasa ne, ko akuya ya gamu da ita a hanya sai ya tsokane ta. In ina da magana da yaron, ta bakinsa nake bi. Sai in dubi ƙanena in ce, "Ka gaya wa mutumin naka kaza," yaron yana zaune a wurin, kansa a ƙasa.

Wata Juma'a da kaka yaron ya zo gida. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, ni a kujerata da rediyo, su biyu a tabarma ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Na ƙara wa rediyon murya don a san ba sauraronsu nake ba, na kuma karkata kunnena wajensu.

Yaron ne yake ba ƙanena labarin wani wasa, wanda suke yi da abokan aikinsa. Ya faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. Wai mutum zai sami gwangwani ya zuba 'yan tarkace a ciki, ya je wani wuri mai wuyar zuwa ya ɓoye, sannan ya sa lambobin wurin a waya. Sauran sai su bi lambobin, wayar tana nuna musu hanya da kibiya, har su gano shi. Wanda ya gano sai ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye wani a madadinsa, ya mayar da gwangwanin inda yake saboda na baya.

"To, in ka gano, me za a ba ka?" in ji ƙanena.

"Ba komai, Baffa. Ka gano ɗin dai."

"Kai dai ku 'yan boko ba ku rasa hanyar ƙona mai. A ina aka ɓoye na wannan karon?"

Yaron ya ce wani abokinsa ɗan Gwiwa ne ya ɓoye, a duwatsun da ke bayan Roni, wurin tsofaffin ramukan zinare. Na san wurin. Shekarun baya aka yi ta raɗe-raɗin an ga zinare a can, mutane suka kwararo da diga da shebur, har da baƙi daga nesa, suka huda dutsen ta ko'ina. Da abin bai yi auki ba suka watse suka bar ramukan a buɗe.

"Gobe da safe za ka kai ni, Baffa?"

"Wa zai kai ka in ba ni ba?"

Wannan maganar ce ta tsaya min a wuya. Wa zai kai ka in ba ni ba. Ina zaune a wurin, da babur ɗina a zaure, da ƙafafuna biyu. Na kashe rediyon, na yi gyaran murya, na dubi ƙanena.

"Ni ma da ma ina son leƙawa wajen. Akwai wata saniyata a rugar da ke gindin dutsen, na kwana biyu ban gan ta ba."

"Yaya, ba ita ka sayar bara ba?"

"Wata ce."

Ya dube ni, ya dubi yaron, ya yi wannan murmushin nasa da nake jin kamar in kwaɗa masa rediyo. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Da na shiga ɗaki sai na tsinci kaina ina binciken akwati. Tunda an ce kowa yana ajiye abu, ban so a zo kaina a tarar hannuna wayam. Na ɗauko wani ɗan hantsakin cire ƙaya, irin wanda makiyaya ke ratayawa a wuya, nawa ne tun ina bin shanu. Na goge shi da toka har ya yi haske, na sa a aljihun rigar da zan sa. Uwar yaron ta gan ni, ba ta tambaya ba. Ita ma tata alkunyar ta ishe ta.

Da safe muka fito da babura biyu. Nawa sabo ne, kujerarsa da laushi. Na ƙanena kuwa tsoho ne mai warin maganin tsutsa, an ɗaure madubinsa da roba. Yaron ko kallon nawa bai yi ba, ya haye bayan Baffansa ya dafa kafaɗarsa. Na ce wa ƙanena, "Ka gaya masa ya sa hula, akwai rana." Ya gaya masa. Ya sa.

Haka na bi su a baya har Roni, ina kallon bayansu. An yanke gero an jingine a gonaki, dawa na tsaye ta sunkuyar da kai, hanya duk amalanke. Ban more ko ɗaya ba. Ina ganin yaron yana sunkuyowa yana faɗa wa ƙanena magana a kunne, ƙanena yana dariya har babur ɗin na tangaɗi. Na yi ta tunanin me suke cewa. Ni dai a iya sanina ba a taɓa faɗa min maganar da ta sa na kusa faɗuwa daga babur ba.

Bayan Roni muka saki kwalta muka bi wani burtali, har muka kai inda babur ba ya wucewa. Muka jingine su a gindin wata tsamiya muka kama hawa da ƙafa. Ba wanda ya sake tada zancen saniya, ni ma ban tada ba.

Dutsen ba wani tsawo gare shi ba, amma duk tsakuwa ce fara mai santsi, ga ciyawa ta yi tsayi bayan damina, wani wurin har ƙugu. Ƙanena bai yi nisa ba ya fara haki. Duk inda aka zo hawa mai wuya sai yaron ya juyo ya miƙa masa hannu, ya jawo shi yana cewa, "Baffa, wannan tumbin dai sai an rage." Ni gwiwata ta dama ta daɗe tana damuna, a ranar kuwa har ƙara take yi. Sau ɗaya yaron ya waiwayo ya dube ni, hannunsa ya ɗan motsa, sai kuma ya mayar da shi aljihu. Ni ma da ya miƙo ba zan kama ba. Amma na so ya miƙo.

Da muka kai saman sai ga aikin 'yan haƙa. Tarin ƙasa ja nan da can, fasassun duwatsu, yagaggun buhuna da rana ta cinye, wani takalmin roba ƙwaya ɗaya. Ramukan kuwa ba irin na ɗiban ƙasar gini ba ne masu faɗi. Ƙanana ne a baki, kamar rijiya, sun miƙe ƙasa sambal. Waɗanda ke fili ana ganinsu. Sauran ciyawa ta rufe.

Yaron ya fito da waya, suka haɗa kai shi da ƙanena suna kallon kibiyar. Ya bar ƙanena ya riƙe ma, yana koya masa yadda ake juyawa da ita. Ni na tsaya gefe na harɗe hannu a baya, ina duban gari kamar wanda aka aiko ya ƙidaya bishiyoyi. Na ce a raina, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, bari in nuna musu. Na zaɓi wani kogo da na tabbata nan mai hankali zai ɓoye abu, na tafi ni kaɗai na zura sanda. Ƙadangare ne ya fito.

Ina nan a ɗan tudun da kogon yake, sai na ji yaron yana cewa, "Saura kaɗan, Baffa, ta nan ne." Ya karɓi wayar ya yi gaba, idonsa a kanta, yana ratsa ciyawa. Ƙanena ya tsaya a baya yana cire ƙarangiya daga wandonsa. Daga inda nake ina ganin abin da su ba sa gani. A gaban yaron kaɗan ciyawar ta kwanta ta yi zobe, tsakiyarta baƙi ƙirin. Kai tsaye wurin ya nufa.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe baki in kira shi. Sunan yana nan, na san shi kamar yadda na san nawa, ya taso har maƙogwarona. Amma harshena bai san hanyarsa ba, bai taɓa bi ba. Abin da ya fito shi ne, "Kai." Na sake cewa da ƙarfi, "Kai, tsaya!"

Bai tsaya ba. Ko waiwaye bai yi ba.

Ƙanena ne ya ɗago kai, ya dube ni, ya bi inda nake nunawa da sanda. Sai ya kira sunan, sau ɗaya tak. Yaron ya ƙame a wurin, ƙafa ɗaya a gaba. Tsakuwar da ƙafarsa ta tura ta gangara cikin ramin, muka yi ta jin saukarta tana bugun gefe, ta daɗe kafin ta yi shiru.

Ban taɓa ganin ƙanena yana gudu ba sai ranar. Ya fizgo yaron ta wuyan riga, suka faɗi zaune a cikin ciyawa, ya rungume kan yaron a ƙirji yana salati, yana dukan bayansa, yana zaginsa da ɗan banza, hawaye na zuba a gemunsa. Yaron ya riƙe shi gam.

Ni na sauko daga tudun a hankali. Na gode wa Allah, Shi ne shaidata, na gode maSa har cikin ɓargona. Amma a ƙarƙashin godiyar akwai wani abu mai ɗaci da ya ƙi kwanciya. Ni na ga ramin. Idona ne ya gani, ba na kowa ba. Sai da ganin ya bi ta bakin ƙanena sannan ya isa ga ɗana, kamar yadda komai nawa yake bi. Da na ƙaraso inda suke, na tsaya a kansu, hannuna a baya. Na ce wa ƙanena, "Ka gaya masa a riƙa duba ƙasa."

Na ɗauka za a fasa a koma gida. Ƙanena ya share ido ya ce ai ba a fasa ba, gwangwanin da ya kusa cinye masa ɗa sai ya ga idonsa. Masa ɗa, haka ya ce. Ya karɓi sandata ba tare da ya tambaye ni ba, ya shiga gaba yana dukan ciyawa, muka zagaye ramin.

A can gaba muka same shi, a ƙarƙashin wani falalen dutse, kusa da tsohon turmin ƙarfe da 'yan haƙa suke daka dutse a ciki. Gwangwanin madara ne an naɗe shi da leda. Suka durƙusa su biyu suka buɗe. Ba komai a ciki sai maɓallin riga, da usur na roba, da kwandalar sefa mai huda, da marfin biro. Abin da ya kusa halaka mutum ke nan. Amma ka ga fuskar yaron, sai ka ce zinaren da mutanen suka rasa ne ya samu.

Ya ɗauki usur ɗin ya ajiye wani maƙalin makulli. Sannan ya ce, "Baffa, kai fa?" Ƙanena bai shirya komai ba, ya lalubi aljihu ya fito da rabin goro da ya bushe, suka yi ta dariya, suka jefa shi ciki. Hannuna yana cikin aljihu, hantsakin yana tafina har ya yi ɗumi. Jira nake a ce, Yaya fa. Yaron ya rufe gwangwanin, ya naɗe ledar, ya tura shi ƙarƙashin dutsen.

Sai ya ce da ƙanena, a hankali, "Ko Yaya za su ɗauke mu hoto?"

Na karɓi wayar. Suka tsaya a gaban turmin, hannun ƙanena a wuyan yaron. Na ɗauka. An ce min daga baya rabin hular ƙanena da kunnensa ɗaya ba su fito ba. Ban ce da gangan na yi ba, ban kuma ce kuskure ne ba.

Da muka sauko gindin tsamiya muka tarar tayar babur ɗin ƙanena ta baya ta kwanta, ƙaya ta huda ta. Ya ce akwai mai faci a ƙauyen da muka wuce, zai tura shi can. Yaron ya kama kan babur ɗin zai taya shi.

"A'a," in ji ƙanena. "Kai da ƙafarka ke rawa har yanzu? Bi Yaya ku yi gaba, zan same ku."

"Baffa, ai da mun tura tare."

"Na ce ka bi Yaya."

Ya faɗa yana kallona ta gefen ido. Na gane. Kyauta ce yake ba ni, kamar yadda ake gutsura wa maƙwabci nama. Ɗan da na haifa ake ba ni aro. Na ji kamar in ce ba na so, amma ina so, don haka na tada babur.

Yaron ya hau. Bai dafa kafaɗata ba, ƙarfen baya ya riƙe, ya bar tazara tsakaninmu har iska na wucewa. Muka yi ta tafiya a burtalin. Ina jin nauyinsa a bayana duk inda muka faɗa gargada. Tun da aka haife shi ban taɓa ɗaukarsa ba, ko a hannu ko a babur, sai ranar. Na rage gudu sosai, na ce saboda yashi ne.

Mun kusa kwalta sai ya yi magana. Ƙanena yake ce wa "kai", ni kuwa "ku" yake ce min, tun yana ƙarami.

"Yaya."

"Na'am."

"Ɗazu a kan dutse, na ji ku. Duka biyun na ji."

Na ƙara rage gudu.

"Na ɗauka da Baffa kuke."

Ba da ƙorafi ya faɗa ba. Haƙuri yake ba ni, don kada in ce ya ji maganata ya ƙi bi. Kuma gaskiyarsa ce. Ta ina zai san da shi nake? Tun tasowarsa, in ya ji muryata a kusa da shi, to da wani nake.

Na taka birki a gindin wata bishiyar ɗorawa, na kashe babur ɗin. Ban juyo ba, don ba zan iya faɗa ina kallonsa ba. Na kafa ido a kan madubi, na gyara shi ko da yake ba abin da ya same shi. Sunan dai bai zo ba, ban ma neme shi ba. Amma na yi magana da shi, shi kansa, ba kowa a tsakani.

"Daga yau, in ka ji na ɗaga murya, da kai nake."

Na ɗauka iska ta tafi da maganar. Sannan na ji ya ce, "To, Yaya." Na ji ya saki ƙarfen baya, na ji hannunsa ya sauka a kafaɗata, sama-sama, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce. Ban motsa ba. Ko numfashi ban so in yi da ƙarfi ba.

Sai ya ce, "Nan akwai inuwa. Ko mu jira Baffa a nan? Bai ci komai ba tun safe."

Na ce to. Muka sauka muka zauna a kan saiwar ɗorawar, ni da ɗana, kusa da juna, muna kallon hanyar da ƙanena zai ɓullo.